Daga Dakalin Goron Dutse Zuwa Allon Waya: Tarihin Zolaya a Wajen 'Yan Dara

Wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda suka fi son karantawa, da waɗanda data ta yi wa ƙaranci.

Yau tarihin da za mu taɓo ba na yaƙi ba ne, ba kuma na sarauta ba. Tarihin surutu ne. Surutun da ake yi a kan allon wasa, wato tsokana da cika baki da ba'ar da 'yan dara suke yi wa juna, tun daga masu haƙa rami a ƙasa har zuwa samarin da suke buga ces a waya.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya na je ziyara Goron Dutse, sai na tsaya a wata majalisa da la'asar sakaliya. A gefe guda dattawa ne sun kewaye dara a ƙasa. Mutum biyu ne ke wasan, amma bakin da ke magana ya fi goma. Wani yana cewa, “Alhaji, ai wannan tsinken naka ya zama marayan Allah, ka yi masa addu'a kawai.” Wani ya karɓe, “Ku bar shi ya yi tunani, tun sallar azahar yake neman hanyar gida.” Shi kuwa wanda ake yi wa, ko a jikinsa. Ya ɗago kai ya ce, “Ku ci gaba, ai kare ma yana haushi kafin a buɗe ƙofa.” Aka kwashe da dariya.

A kan benci kuma, taku biyar daga nan, wani saurayi ne riƙe da waya, fuska a murtuke. Ces yake bugawa da wani mutum da bai taɓa gani ba, bai ma san ƙasarsu ba. An cinye shi, sannan mutumin ya turo masa wata magana ta raini. Yaron nan har hannunsa rawa yake, yana rubuta martani yana gogewa. Sai wani dattijo ya leƙo ya ce, “Kai ɗana, wa ya taɓa ka?” Ya ce, “Baba, wani ne ya zage ni a wasa.” Dattijon ya ce, “Ɗan gidan wa ye?” Yaro ya ce bai sani ba. Baba ya girgiza kai ya koma kan dararsa.

Tambayar nan ta “ɗan gidan wa ye” ita ta tsaya mini a rai. Me ya sa maganar da ta fi wannan zafi take ba dattawa dariya, amma layi ɗaya a waya ya hana saurayi sukuni? To mu koma baya tukuna.

Mu fara da namu na gida. Dara irin ta manya, ramuka talatin ake haƙawa, layi biyar, kowane layi rami shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan ya riƙe tsinkaye, wancan ya riƙe tsakuwa, don kada a rikice. Da farko za a yi ta zubawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a fara turawa, rami ɗaya a kowane motsi. Duk wanda ya jera uku a layi, sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Haka za a yi ta yi har ɗaya ya rasa abin da zai jera. Dakarkari suna yin ta, Zabarmawa a Nijar suna ce mata dili, a wasu wuraren kuma doki ake kiranta. Akwai kuma ɗaya darar mai gidaje goma sha biyu da ake zagayawa da 'ya'ya ana zubawa, wadda Yarbawa suke kira ayo. Wasan ya shiga harshenmu har muka samu karin maganar nan ta “dara ta ci gida”, idan sharrin da mutum ya ƙulla ya dawo kan nasa.

Abin lura shi ne, a ƙasar Hausa ba a san dara da shiru ba. Haka diraf, haka lido, haka karta. 'Yan kallo rabin wasan ne. Buga tsakuwa da ƙarfi a rami ma magana ce. Wanda aka cinye ya san sai ya sha gori har a kira magariba, gobe kuma shi zai fara zuwa ya share wurin.

To shi ces fa, wanda muke gani kamar wasan masu kwat da taye ne, ana zaune tsit kamar ɗakin jarrabawa? Nan ne tarihi zai ba ku mamaki.

Asalin wasan daga Indiya yake, wajen ƙarni na 6, da sunan chaturanga. Ya shiga Farisa, bayan Musulmi sun ci Farisa a ƙarni na 7 sai Larabawa suka ɗauke shi, suka kira shi shaɗaranji. A lokacin babu sarauniya a kan allo, waziri ne a gefen sarki, ga giwa, ga doki, ga dakarun ƙasa a gaba. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa wasan ya samu gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli, waɗanda har littattafai suka rubuta a kansa.

Masanin tarihin nan Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya yi bayanin 'yan shaɗaranji a littafinsa Murujuz Zahab. Ya nuna cewa suna da irin nasu barkwanci da maganganun ban dariya da suke jefa wa juna ana cikin wasa, kuma da yawa suna ganin hakan yana zaburar da ɗan wasa, yana buɗe masa basira. Har ya kamanta abin da baitocin da mayaƙa suke yi idan sun fuskanci abokan gaba, da waƙar masu koran raƙuma, da ta masu jan guga a bakin rijiya. Ku duba fa. Wannan ai shi ne kirarin ɗan dambe kafin ya shiga fili, shi ne waƙar da mata suke yi a bakin turmi. Fiye da shekara dubu da suka wuce, ɗan shaɗaranji a Bagadaza da ɗan dara a Goron Dutse bakinsu ɗaya.

An kuma ruwaito cewa Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya taɓa zama kallon wasu gwanaye. Kwarjininsa ya sa suka kame, kowa ya yi gum. Sai ya nuna musu cewa shaɗaranji da jin nauyi ba sa haɗuwa, su saki jiki su yi magana yadda suka saba idan su kaɗai ne. Wato shi kansa sarki ya gane cewa idan aka cire surutun, an rage wa wasan gishiri.

Ta yaya labarin wasan ya iso mu? Hanya ta farko ita ce littafi. Duk wanda ya yi karatun zaure a cikin birnin Kano har ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ci karo da sunan shaɗaranji. A can an hana wasa da shi, an ce babu laifi a yi wa masu yin sa sallama, amma an karhanta zama wurinsu da kallonsu. Wannan shi ne matsayin Malikiyya, su kuwa Shafi'iyya sun sassauta, suka tsaya a kan karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Wannan fage ne na malamai, ba namu ba. Abin da ya shafi tarihinmu shi ne, hukuncin da ya ambaci masu zama suna kallo ya nuna mana cewa tun a wancan zamanin wasan yana da majalisa, yana da 'yan kallo. Kuma almajiran Kano sun san sunansa a takarda tun kafin su ga allonsa.

Hanya ta biyu ita ce Barno. A 1934 wani Bature jami'in mulkin mallaka mai suna C. K. Meek ya wallafa bayani a mujallar Man a kan wani wasa da Barebari suke kira tsatsarandi. Ku saurari sunan da kyau, shaɗaranji ne ya sha ruwan Tafkin Chadi. Sun ma raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen sarautunsu: sarki shi ne Mai, na kusa da shi Chiroma, ga kuma Kaigama. Ke nan akwai ces a arewacin ƙasar nan wanda ba Turawa ne suka kawo shi ba. Fulanin da ke sauraronmu, na san za ku ce yaushe Babarbare ya iya lissafi har haka. To ga shi dai a rubuce, sai ku yi haƙuri.

Yanzu ina shirun ya samo asali? Daga Turai, kuma a hankali ya zo. Wajen 1475 aka sauya dokokin wasan a Sifen, waziri ya koma sarauniya mai ƙarfin tafiya ko'ina. Amma ko a lokacin ba a daina shaƙiyanci ba. Lucena, wanda ya buga littafinsa a 1497, har shawara ya bayar cewa ka zaunar da abokin karawarka yana fuskantar haske don ya dame shi, kuma ka neme shi da wasa bayan ya ci ya ƙoshi. Ka ji mugunta a cikin littafin koyarwa.

Sai a 1786 aka buga wata maƙala ta Benjamin Franklin na Amurka a kan ladubban ces. A ciki ya hana waƙa da fito da duba agogo da ƙwanƙwasa tebur idan abokin wasa yana tunani, ya ce ɗan kallo ya kama bakinsa, wanda ya yi nasara kuma kada ya yi gori. Ka san ba a hana abin da ba a yi. Jerin abubuwan da ya hana shi ne hoton yadda ake wasan a zamaninsa. Da Franklin zai zo majalisar Goron Dutse, wallahi ko minti biyar ba zai yi ba.

Daga nan abin ya zama doka. An yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Landan a 1851. A 1883 aka shigo da agogon wasa mai fuska biyu, nan ma a Landan. A 1924 aka kafa hukumar ces ta duniya, FIDE, a Paris, kuma dokokinta sun haramta damun abokin karawa ta kowace hanya. Da kuɗi da kambu suka shigo, sai surutu ya koma waje. Bai mutu ba dai. A dandalin Washington Square da ke New York har gobe akwai masu buga ces na kuɗi a kan teburan dutse, bakinsu ba ya hutawa, kamar dai 'yan diraf ɗinmu na bakin kasuwa.

Sai intanet ta zo ta buɗe ƙofar da aka rufe. Chess.com ya fara aiki a matsayin dandalin wasa a 2007, Lichess kuma a 2010. A 2020, da annobar korona ta zaunar da duniya a gida, ga kuma fim ɗin The Queen's Gambit da Netflix ta saki a watan Oktoba na shekarar, sai jama'a suka yi ca a kan wasan. Gwanaye suka fara bugawa kai tsaye a Twitch da YouTube, suna wasa suna surutu, dubban 'yan kallo suna rubuto tsokana. Majalisa ta dawo, sai dai wannan karon ba ta da bango.

Kuma an yi raha mai daɗi, gaskiya. Akwai wata buɗewa da ake kira Bongcloud, inda mutum zai tura sarkinsa gaba a motsi na biyu, abin da ko ɗan koyo ya san wauta ce, kamar sarki ya fito yaƙi ba dogari ba sulke. A watan Maris na 2021, Magnus Carlsen na Norway, zakaran duniya a lokacin, ya buga ta a wata gasa ta intanet da Hikaru Nakamura na Amurka. Nakamura ya mayar masa da irinta. Su biyun suka fashe da dariya, suka yi ta kai sarki suna dawo da shi har aka tashi canjaras. Akwai Alexandra Botez, wadda masu kallonta suka raɗa wa zubar da sarauniya bisa kuskure sunanta, suka ce ai dabara ce, Botez Gambit. Maimakon ta yi fushi sai ta rungumi sunan. Akwai kuma wata doka mai suna en passant, kalmar Faransanci ce, wato cin soja a kan hanyar wucewarsa. Duk sabon shiga idan aka yi masa ita sai ya rantse an yi masa maguɗi, tsofaffin hannu kuma su yi ta yi masa dariya. Ko a watan Yuni na 2025, da Gukesh na Indiya ya ci Carlsen a Norway, Carlsen ya naushi tebur don takaici, duniya ta mayar da hoton abin barkwanci. Amma ku tuna, a wannan wurin dai ya miƙa wa yaron hannu, har ya dafa bayansa kafin ya fita.

To amma akwai ranar da dara ta ci gida. A ranar 4 ga Satumba 2022, a gasar Sinquefield da ake yi a St. Louis ta Amurka, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Hans Niemann ya ci Carlsen. Washegari Carlsen ya janye daga gasar, ya saki wani saƙo mai kama da habaici. Nan take aka fahimci zargin maguɗi yake. Niemann ya amsa cewa ya taɓa yin maguɗi a wasan intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16, amma ya musanta yin sa a kan allo. Ana cikin haka sai wani ya jefo wata ba'a ta batsa a kan inda wai yaron ya ɓoye na'ura a jikinsa, maganar da ba za mu iya maimaitawa a wannan shiri ba. Da wasa aka fara ta, babu hujja ko ɗaya. Cikin kwanaki ta zagaye duniya, jaridu suka ɗauka, masu barkwanci a talabijin suka ɗauka, mutanen da ba su san yadda doki yake tafiya a allo ba suka san yaron da wannan magana.

A watan Oktoba Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72, ya ce akwai alamun ya yi maguɗi a wasanni fiye da 100 na intanet, amma bai samu tabbatacciyar hujja a kan wasansa da Carlsen ba. Niemann ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 100. A watan Agusta na 2023 aka sasanta, Carlsen ya yarda cewa babu tabbatacciyar hujjar maguɗi a wancan wasan, daga baya FIDE ta ci shi tarar yuro 10,000 saboda janyewa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Shari'a ta ƙare, amma ba'ar tana nan manne da sunan yaron. Magana zarar bunu ce.

A nan ne nake ganin Bahaushe yana da abin da zai koya wa duniya, domin mu ba'a a wurinmu tsari gare ta. Kanawa da Zage-zagi abokan wasa ne. Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Buzaye da maƙera, jika da kaka, ga taubasai 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji da ake bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. A Kano har sarautar Nalako muke da ita, mai bin gwagware da tashe a watan azumi. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sanayya. An san wa yake da izinin tsokanar wa. Wanda ka tsokana yana da damar ramawa daidai wa daida. Ana taɓa wasanka, da rowarka, da santsin bakinka a kan tuwo, amma ba a taɓa iyaye, ba a taɓa iyali, ba a taɓa wata lalura da Allah ya ɗora wa mutum, ba a kuma ƙaga masa abin kunyar da zai bi shi gida. Idan wani ya zarce, akwai babba a wurin da zai ce, “Kai, ya isa haka.” Sannan uwa uba, wanda ya yi maka dariya da la'asar shi ne zai zo ɗaurin auren 'yarka, shi zai ɗauki makara idan an yi maka rasuwa.

Wannan ita ce amsar tambayar Baba. Da ya ce “ɗan gidan wa ye”, so yake ya san ko akwai wasa a tsakani. Idan babu sanayya, babu ramuwa ido da ido, babu mai tsawatarwa, to abin da ya rage zagi ne kawai, ko da an saka masa hoton dariya a ƙarshe.

Don haka 'yan uwa matasa masu buga ces da lido a waya, ba cewa muke ku yi shiru irin na Franklin ba. Al-Mas'udi ma ya shaida cewa raha tana ƙara wa wasa armashi. Ku tsokani abokanku a zaurukanku na WhatsApp, ku yi wa wanda ya zubar da sarauniya waƙa, ku fara da yi wa kanku dariya kamar yadda Botez ta yi. Amma baƙon da ba ka sani ba, ba abokin wasanka ba ne tukuna. Idan ya zage ka, akwai wurin rufe hira a manhajar, ka rufe ka ci gaba da wasanka. Idan kuma ka ga an taru a kan mutum ɗaya ana yayata abin da babu hujja, kada ka ƙara naka. Ka zama kai ne dattijon da zai ce ya isa.

Shi kuwa saurayin nan, kafin in bar wurin na ga ya sa wayar a aljihu ya matso wajen dara. Bai daɗe da tsugunawa ba wani tsoho ya dube shi ya ce, “A'a, su Bature an sauko? To zauna mu ga ko kwamfuta ta koya maka jera uku.” Yaron ya yi murmushi ya karɓi tsakuwa. An cinye shi, an kuma yi masa gori son rai, amma da dariya ya tashi da aka kira salla.

Nan za mu dakata a wannan makon. Masu sauraronmu na Zariya, mun san kun ji komai, sai dai a ƙara muku bayani a hankali, kuma ƙofa a buɗe take ku rama. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.